Darasi: Yadda Ake Jona Gida da Intanet ɗin Al'umma

Wannan darasi na waɗanda aka kafa intanet ɗin haɗin gwiwa a unguwarsu ko ƙauyensu ne, ko ake shirin kafawa, suke kuma son a ja musu shi har cikin gida. Wanda ya karance shi da kyau zai iya gane ko gidansa zai kama, ya san kayan da zai saya da waɗanda sayensu asarar kuɗi ce, ya kuma bi mai haɗawa da ido yana fahimtar abin da ake yi a kan rufinsa.

Abin da ake nufi

Jama'ar wuri guda ne ke haɗa kuɗi su sayi layin intanet ɗaya mai ƙarfi, ko ta faiba ko ta tauraron ɗan'adam, a kai shi wani wuri mai tsayi, wato hasumiyar masallaci, ko tankin ruwa, ko benen makaranta, ko dogon ƙarfen da aka kafa don aikin. A can ake ɗaura na'urorin rediyo masu watsa shi ta iska zuwa gidaje. Wannan wurin za mu riƙa kira cibiya. Kayan na jama'a ne, gyaran ma nasu ne, kuɗin wata kuma rabawa ake yi.

Ba sabon abu ba ne. A 2004 mutanen ƙauyukan Osona, a yankin Kataloniya na ƙasar Sifen, suka gaji da jiran kamfanoni suka fara haɗa rufi da rufi, abin da ya zama guifi.net, wadda a yau dubun-dubatar gidaje da ofisoshi ke kanta. A Afirka ta Kudu akwai Zenzeleni, da aka faro a ƙauyen Mankosi a 2012 da hannun wata jami'a, daga baya ta zama ƙungiyar gama-kai ta mutanen garin. A nan gida kuwa Gidauniyar Fantsuam ta kafa irinta a Kafanchan tun wajen 2007, cibiyar CITAD ta Kano kuma ta daɗe tana horar da matasa kan yadda ake kafawa da kulawa.

Kafin a sayi komai

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ji labarin intanet ɗin, ya wuce kasuwa ya sayo na'ura, sannan ya je wajen masu cibiya. Sai ku juya tsarin: masu cibiya tukuna, kasuwa daga ƙarshe. Dalili kuwa, manyan kamfanonin da ke ƙera waɗannan rediyoyi kowanne yana da nasa tsarin magana tsakanin na'urorinsa. Na Ubiquiti sunansa airMAX, na MikroTik Nv2, na TP-Link kuma MAXtream. Idan cibiya ta kunna ɗaya daga ciki, na'urar wani kamfanin ba za ta shiga ba, ko da sabuwa ce dal a kwali. Haka zancen zango: akwai masu aiki a gigahaz 2.4, akwai masu aiki a gigahaz 5, kuma ɗaya ba ta jin ɗaya. Ku tambayi mai kula da cibiya wace na'ura yake so, wane zango, nawa ne kuɗin shiga da na wata, wa ke gyara idan abu ya lalace. Zancen izinin hukuma, NCC a Nijeriya ko ARCEP a Nijar, nauyin ƙungiya ne, amma ba laifi ɗan ƙungiya ya tambaya ya ji inda aka kwana.

Wanda ke zaman haya ya nemi yardar mai gida tun yanzu, tun da za a huda bango.

Hange

Nan ne gaba ɗayan aikin yake, don haka za mu daɗe a kai. Rediyon da ake ɗaurawa a gida ba kamar eriyar rediyon sauraron labarai ba ce da ke kamo tasha ta kowace fuska. Ku ɗauke shi a matsayin tocila: inda aka haska nan hasken ke zuwa, abin da ya tare kuma ya tare. Idan kun tsaya inda za a ɗaura na'urar ba ku hango na'urar cibiya da idonku ba, ko da tabarau mai jawo nesa, to gidan bai kama ba tukuna, kuma tsadar na'ura ba za ta warware wannan ba. Tsayi ne ke warware shi.

Abubuwa uku suka fi tarewa a garuruwanmu. Na farko gini, musamman benen da maƙwabci ya ɗora ko yake shirin ɗorawa. Idan kun ga an zuba ginshiƙai an bar rodi a tsaye a kan hanyar hangenku, ku lissafa da benen tun bai tashi ba. Na biyu tudu. Na uku, wanda aka fi rainawa, itace. Ganye cike yake da ruwa, ruwa kuwa yana shanye irin wannan sigina. Mangwaro ɗaya ko dogonyaro mai duhu ya isa ya kashe haɗin da ba don shi ba da ya yi kyau. Kuma itace yana yaudara da lokaci. Wanda ya duba hanya a watan Maris, lokacin da kuka ta kakkaɓe ganyenta, zai ga fili tar, ya ɗaura na'ura ta yi aiki, sai damina ta sauka ganye ya cika, intanet ya fara tsinkewa, a shiga zargin masu cibiya. Gawo kuwa akasin haka yake yi: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Wanda ya duba a watan Agusta ta tsakanin rassan gawo, a Janairu zai ga abin da ya saya. Saboda haka ku dubi kowace bishiya da ke hanya a matsayin mai cikakken ganye, ku kuma ƙara mata tsayin shekara biyu ko uku masu zuwa.

Akwai wani abu da ido ba ya nunawa. Sigina ba a siririn layi take tafiya ba. Hanyarta tsukakkiya ce a bakin na'urorin biyu, amma a tsakiya tana kumbura ta kowane gefe, har da ƙasa. Masana suna kiran wannan fili da sunan Fresnel, wani masanin haske ɗan Faransa. A zangon gigahaz 5, idan tsakaninku da cibiya kilomita 1 ne, kumburin a tsakiyar hanya ya ɗan haura mita 3 da rabi daga layin hange zuwa ƙasa. A kilomita 2 ya haura mita 5, a kilomita 5 kuma wajen mita 8. A gigahaz 2.4 ya fi haka faɗi, don a kilomita 1 kaɗai ya zarce mita 5. Ƙa'idar masu aikin ita ce aƙalla kashi 60 cikin 100 na wannan fili ya zama babu komai cikinsa. Ma'ana, a hanyar kilomita 1 kuna buƙatar sarari na mita 2 da ɗoriya tsakanin layin hangenku da kan bishiya ko rufin da ke tsakiya. Hango cibiya ta saman ganye da ƙyar, kamar ana leƙe, bai wadatar ba. Wannan ne ya sa ƙarin mita 2 a bututun da aka ɗaura na'ura yakan yi abin da canza na'ura sau biyu bai yi ba.

Idan an yi duk dabara gidan bai hango cibiya ba, sai a duba ko yana hango gidan wani ɗan ƙungiya da ke hango ta. A ɗaura na'ura ta biyu a can ta miƙo muku. Haka guifi.net ta yaɗu, rufi yana miƙa wa rufi, kuma ku ma wata rana za a zo neman naku rufin.

Kafin kowa ya taka tsani, a aika yaro ya sanar da maƙwabta cewa za a hau sama, kamar yadda aka saba idan za a yi yaɓe ko gyaran kwano, don iyalin gidajen su kimtsa. Rigimar da rashin wannan ke jawowa ta fi ta kowace na'ura wuyar gyara.

Kayan da ake buƙata

Rediyon waje shi ne babba. Akwati ne na roba da ruwa ba ya shiga, eriyarsa a jikinsa take. Ga gidan da ke kusa, ƙasa da kilomita ɗaya ko biyu, ƙananan irin su NanoStation na Ubiquiti, ko CPE510 na TP-Link, ko SXTsq na MikroTik sun isa. Mai nisa kuma yana buƙatar mai faranti, irin LiteBeam, wanda ke tattara sigina wuri guda. A jikin kwali za ku ga lamba da haruffan dBi, 13 a kan CPE510, 23 a kan LiteBeam 5AC. Girman lambar na nufin nisan zango, amma kuma yana nufin tsukewar hanya, don haka mai 23 ya fi wuyar saiti, iska kaɗan ta karkata shi sai a ji a jiki. Wanda cibiya ke bayan gidansa bai da dalilin sayen babban faranti.

Rediyon ba shi da wayar wuta tasa. Kebul ɗaya ne ke kai masa wuta da bayanai tare, ta hanyar wani ɗan akwati da ke zuwa cikin kwalin, wanda ake kira PoE. Yana da rami biyu. Mai rubutun POE na kebul ɗin da ya hau sama ne, mai rubutun LAN na wanda ya shiga ɗaki. Ku riƙe wannan da kyau, don idan aka juya, wutar da aka nufi rediyo da ita tana iya shiga kwamfuta ko rauta ta ƙona ramin. Yawancin waɗannan ƙananan rediyoyi bolt 24 suke ci, akwai kuma akwatunan PoE masu bolt 48 da suka yi kama da su sak. Kada a ari na wani a jona sai an karanta abin da ke rubuce a bayansa.

Kebul ɗin shi ne wanda ake kira Cat5e ko Cat6, mai siraran wayoyi takwas a ciki. Iyakar tsawonsa mita 100, kuma gara ya gaza haka sosai. Ku nemi na waje, mai baƙar riga mai jure rana, da rufin ƙarfe a ciki. Mai ruwan toka na ofis da ake sayarwa da sauƙi ba ya daɗewa a ranarmu, rigarsa takan tsattsage ruwa ya bi ciki har ɗaki. Akwai kuma wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Araha ba ta ado: wuta na raguwa a cikinsa kafin ta kai sama, sai rediyo ya riƙa mutuwa yana tashi ba a san dalili ba. A kankare ƙwayar waya ɗaya da wuƙa a gaban mai shago, idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, a ajiye masa abinsa.

Sai rauta ta cikin gida, wadda ke raba Wi-Fi ga wayoyin hannu, kowace iri mai ramin WAN ta yi. Sai bututun ƙarfe mai kauri da mai walda zai yi wa maƙalai a bango, da wayoyin ɗaure shi ta fuska uku idan ya haura mita 3 sama da rufi. Kada a raina iskar farkon damina. A 2008 guguwa ta kayar da ƙarfen Fantsuam mai tsawon mita 45 a Kafanchan, balle bututun da aka ɗaure da igiya a jikin indararo. Bututun da ke rawa ma, ko bai faɗi ba, yana kawar da saiti.

Tsawa da wuta

Ƙarfe a saman rufi da kebul da ya sauko har ɗaki hanya ce da aka buɗe wa tsawa. Ba sai ta faɗo kan gidan ba, faɗuwarta a kusa kaɗai tana tura wuta cikin kebul ta ƙona rediyo da rauta. Maganin shi ne a sa ɗan akwatin kariya a kan kebul kafin ya shiga gida, a ja waya mai kauri daga shi da kuma daga bututun zuwa sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Busasshen yashi ba ya karɓar wuta sosai, don haka a kafa sandar inda ƙasa ke da danshi, kamar kusa da makwararar ruwa. Wannan aikin mai wayarin ne. Duk da haka, idan hadari ya haɗo da walƙiya, a zare kebul ɗin sama daga PoE har ya wuce.

Wutar da kayan ke ci kaɗan ce, amma dare da rana suke ci. Rediyo irin LiteBeam ba ya wuce wat 7, rauta ta gida mu ƙaddara mata wat 8, jimla 15. A awa 24 ya zama wat-awa 360. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da 1,200, amma irin na dalma rabinsa kawai ake sha idan ana so ya yi ƙarko, wato 600, abin da zai riƙe kayan awa 40. Farantin sola mai wat 150, idan ya sami rana mai ƙarfi ta awa 5, zai ba da 750 a lissafi, a cire kusan rubu'i da ke salwanta a hanya, saura ya wadatar. Da hunturu ƙura na rage abin da faranti ke bayarwa, sai a riƙa goge shi. Wanda ke da wutar nefa yana iya wadatuwa da ƙaramin batir ɗin rauta da ke cikewa idan an kawo wuta. Kunna babbar inbata saboda wat 15 kuwa ɓarna ce, don abin da ita kanta ke sha yakan kai na kayan ko ya fi.

Ranar haɗawa

A saita rediyo a ƙasa, a kan tabarma, kafin a hau da shi. Ana jona shi da PoE, a jona ramin LAN da kwamfuta, a buɗe burauza a rubuta adireshin na'urar: 192.168.1.20 ga na Ubiquiti, 192.168.0.254 ga na TP-Link, 192.168.88.1 ga na MikroTik. A na biyun farko sai an ba kwamfutar adireshi na dangin na na'urar da hannu, misali 192.168.1.10 ga Ubiquiti. A shafin da ya buɗe ana zaɓar ƙasa, a sa na'urar a matsayin mai karɓa, a zaɓi sunan cibiya, a shigar da kalmar sirrin da aka bayar. A canza kalmar sirrin shiga na'urar kanta daga ta kamfani, wadda duk mai sha'awar abin ya sani. Ƙungiyoyi da yawa su ke yin wannan saitin da kansu su riƙe makullin, kuma suna da gaskiya, domin na'ura ɗaya da aka yi wa saitin banza tana iya jan kowa baya.

A sama mutum biyu ake so, ɗaya na juya rediyo, ɗaya na karanta lamba. A dubi wayoyin nefa kafin a ɗaga bututu, don ƙarfen da ya taɓa babbar waya kisa yake yi nan take. Kada a hau jiƙaƙƙen kwano; in an hau busasshe kuma, a riƙa taka layin ƙusa, inda katako yake a ƙasa.

Lambar da ake karantawa ita ce ƙarfin sigina, da alamar ragi a gabanta da dBm a bayanta. Ƙaramar lamba ta fi: -58 ta fi -72 nesa ba kusa ba. Daga -50 zuwa -65 haɗi ne mai kyau, -70 ana lallaɓawa, daga -80 kuwa a sauko a sake tunani. Kowane 3 da aka rasa rabin ƙarfi ne ya tafi, don haka wanda ya tsaya a -68 alhali ana iya samun -62 ya bar kashi uku cikin huɗu a iska. A fara juyawa hagu da dama a hankali, ana dakatawa ɗan lokaci bayan kowane motsi don lambar ta zauna, a tsaya inda ta fi kyau, sannan a yi sama da ƙasa. Bayan an ƙulle noti a sake dubawa, don ɗaurewar kanta takan karkatar da shi. Rubuta lambar a takarda a ajiye. Ran da intanet ya yi nauyi, ita za ta nuna ko matsalar a rufinku take ko a cibiya.

Wajen saukar da kebul, a bar shi ya ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ya shiga hudar bango, yadda ruwan da ya biyo shi zai ɗiga waje, a kuma toshe hudar.

Cikin gida

Kebul ɗin da ya fito daga ramin LAN na PoE ramin WAN na rauta yake shiga, wanda yawanci launinsa daban ne. Idan aka soka shi a ɗaya daga sauran ramukan, a wasu tsare-tsaren rautar takan fara raba wa gidajen mutane adireshi na bogi, unguwa ta rasa intanet saboda gida ɗaya. A ajiye rauta a sama, a tsakiyar inda ake zama, ba cikin akwati ko bayan firji ba. Katangar ƙasa mai kauri da ƙofar ƙarfe suna cin Wi-Fi, shi ya sa a babban gida mai sassa da yawa rauta ɗaya ba ta kaiwa daga zaure har ƙuryar ɗakin uwargida. A ja kebul a ƙara ta biyu. A sa tsaro na WPA2 da kalmar sirri mai tsawo, ba lambar wayar mai gida ba.

Sauri kuwa na tarayya ne. Layi mai megabit 50 da gida 25 ke kai, idan kowa ya hau lokaci guda, 2 ne rabon kowane gida. Da rana ba a ji, amma bayan isha'i, lokacin da kowa ya buɗe bidiyo, ana ji. Wanda ya ba samarin layi kalmar sirrinsa, ko ya fara sayar musu a ɓoye, daga rabon maƙwabtansa yake ɗiba. Manyan saukarwa a bar su sai tsakar dare.

Aikin gida

Ku tsaya a wuri mafi tsayi da za ku iya kaiwa lafiya a gidanku, ku fuskanci inda cibiya take ko inda ya dace a kafa ta, ku zana abin da ke tsakani, kuna rubuta sunan kowace bishiya da watan da take cika da ganye.

Wani gida yana da rediyo mai wat 7 da rauta biyu, kowace wat 8. Wat-awa nawa yake ci a awa 24, kuma awa nawa batirin dalma mai bolt 12 da amfiya-awa 100 zai riƙe shi idan rabi kawai aka sha?

An haɗa wa wata mata a watan Fabrairu sigina tana -61. A watan Agusta ta koma -76, bututu bai motsa ba, maƙwabta kuma ba su da matsala. Ku tattauna da na kusa da ku abin da kuke zargi, da abin da za ku fara dubawa kafin a kira masu cibiya.